Ƙananan shafuka goma ko babba guda ɗaya: wanne zaka gina in kuɗin talla kake nema?

Wani ƙanina ne ya turo min saƙo da daddare, wai yaya na ga wani bidiyo ana cewa mutum ya buɗe ƙananan shafukan intanet guda goma, kowanne a kan ɗan maudu'insa, kowanne ya riƙa kawo dala ɗari a wata daga talla, kaga dala dubu kenan kana kwance. Tambayarsa ita ce ya bi wannan hanyar ne ko ya tsaya a kan shafi ɗaya ya zuba ƙarfinsa gaba ɗaya. Na fara bashi amsa da saƙon murya sai naga abin ya fi ƙarfin minti biyu, shi yasa na zauna na rubuta, don nasan ba shi kaɗai ke wannan lissafin ba. Ni kaina na yi shi, shafuka shida na taɓa riƙewa lokaci guda, to ba labari aka bani ba.

Bari mu daidaita kalmomi tukunna don kar mu rikice. In nace shafi ina nufin gidan gaba ɗaya mai domen ɗinsa, wato sunan adireshinsa na intanet, in nace feji ina nufin rubutu ɗaya a cikinsa. Ƙaramin shafi shine wanda ya kama ɗan siririn abu ya yi rubutu ashirin ko talatin a kai ya tsaya, misali kula da batirin sola kawai, ko wani nau'in kifin ado guda ɗaya. Babban shafin da nake magana shima maudu'i ɗaya ne, ba kasuwar komai da ruwanka ba, amma yana da faɗin da zaka yi shekaru kana rubutu bai ƙare ba, misali duk abin da ya shafi keken ɗinki, daga saye zuwa gyara zuwa irin allurar da ta dace da kowane yadi.

Toh ga lissafin da masu bidiyo basa tsayawa su yi. Kuɗin talla ana auna shi ne da abin da ake kira RPM, wato nawa ka samu a duk buɗe feji sau dubu. Mu ɗauka a matsayin misali kawai RPM ɗinka dala 4 ne. Kafin ƙaramin shafi ya kawo dala 100 sai an buɗe fejojinsa sau 25,000 a wata. In rubutu 25 ne a ciki, kowane rubutu sai ya samu masu buɗewa 1,000 duk wata, ba sau ɗaya ba, kowane wata. Shafuka goma kuwa rubutu 250 kenan da buɗewa 250,000. Kaga ashe aikin bai ragu ba ko kaɗan, rubutu 250 ɗin nan dai sai ka yi su ko ta wace hanya ka bi, abin da kake zaɓa kawai shine ka tara su a gida ɗaya ko ka warwatsa su a gida goma. Duk sauran maganar a kan wannan take.

Ta ɓangaren kashe kuɗi abin a fili yake. Domen duk shekara ake sabunta shi, goma ya ninka ɗaya sau goma. Hostin, wato wurin da ake ajiye shafi a intanet, zaka iya haɗa shafuka da yawa a asusu ɗaya don haka nan bai cika ciwo ba, kuma WordPress, manhajar gina shafi, kyauta ne, Blogger ma irinsa kyauta ne har da wurin ajiyar. Kuɗin ba shine ke kashe mutum ba gaskiya, lokaci ne.

Nan zan ɗan daɗe don nan na sha wuya. Kowane shafi yana da filogin, ƙananan manhajojin da ake ƙara masa, da ke neman afdet, yana da bakob, kwafin ajiya na shafin, da ya kamata ka duba ko yana aiki, yana da fejin bayanin sirri da na tuntuɓa, yana da ɗan fayil ɗin nan ads.txt da in ya ɓace talla ke raguwa, yana da nasa Search Console, inda Google ke nuna maka yadda shafin ke fitowa a bincike, da zaka leƙa. Tun Janairun 2024 kuma Google na buƙatar duk mai nuna tallarsa ga masu karatu na Tarayyar Turai da Birtaniya ya saka akwatin neman izini daga tsarin da suka tantance, shima kowane shafi da nasa. Ɗaya-ɗaya ba komai bane, minti goma nan minti ashirin can, amma ka ninka su. A shafukana shida akwai guda da na yi wata kusan uku ban leƙa ba saboda baya kawo komai, ran nan dai na buɗe shi a waya haka kawai, sai naga ƙasan kowane feji cike da linkin caca da wani harshen da ko harafinsa ban iya karantawa ba, ashe wani tsohon filogin na fom ɗin tuntuɓa da ban sabunta ba aka bi ta cikinsa aka shigo, kuma da yake duk shidan a hostin ɗaya suke abin har ya tsallaka ya taɓa biyu daga cikin sauran. Na kwana biyu ina bin fayil ɗaya bayan ɗaya ina gogewa, bakob ɗin da na dogara da shi ma ashe bayan an shigo aka ɗauke shi, da dattin a ciki. Laifina ne ba na kowa ba, amma a kwana biyun nan ko layi ɗaya ban rubuta ba a shafin da ke kawo min kuɗi. An ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu, ranar na yarda.

Sai maganar samun karɓuwa. AdSense, tsarin saka talla a shafuka wanda Google ta fara tun 2003, shine ƙofar da kusan kowa ke fara bi, kuma yanzu kowane sabon shafi sai an duba shi daban kafin talla ta fara fitowa, ba kamar da ba da in an karɓe ka sau ɗaya sai ka manna lambar a duk inda kaga dama. Amsar da ƙananan shafuka suka fi samu ita ce abin da ke ciki bai da wani amfani sosai, a je a ƙara. Mai shafi goma sau goma zai tsaya a wannan layin. Amma a nan akwai abu ɗaya da ke taimakon mai ƙanana: kuɗin duka shafukan a asusu ɗaya suke taruwa, to dala 100 ɗin da sai ka kai kafin a biya ka, dala 12 daga nan 30 daga can suna haɗuwa su cika ta. In ka kai dala 10 za su aiko maka da lambar PIN ta gidan waya don tabbatar da adireshi, biya kuma tsakanin 21 da 26 ga wata mai biyowa ne. Wannan ɗaya ne ga kowa.

Inda babban shafi ya yi wa ƙanana fintinkau shine bayan AdSense. Akwai kamfanonin talla da ke biyan da ya fi nasa sosai saboda suna sa masu talla da yawa su yi gwanjon kowane gurbi, irin su Mediavine da Raptive, wanda a da ake kira AdThrive. Amma suna da ƙofa. A da Mediavine ta daɗe tana neman ziyara 50,000 a wata, Raptive ta daɗe a kan buɗe feji 100,000, sannan a 2024 Mediavine ta fito da Journey don shafukan da basu kai ba, ta fara shi da sharaɗin ziyara 10,000. Suna canza waɗannan lambobin lokaci zuwa lokaci, ka leƙa shafinsu ranar da zaka nema. Abin da bai canza ba shine a kan shafi ɗaya ake ƙirgawa, ba wanda zai haɗa maka tirafik, wato yawan masu shigowa, na gida goma. A ma'aunin 50,000 ɗin can, mai ziyara 60,000 a shafi ɗaya ya shiga, mai 6,000 sau goma yana waje, alhali yawan mutanen da suka karanta su ɗaya ne, wahalar da suka sha ma ɗaya ce. Ni wannan kaɗai ya isa ya sa in karkata.

Yanzu ga hujjar da masu shafuka da yawa suka fi ji da ita, wai in ɗaya ya faɗi tara na nan. Nima da ita na yaudari kaina. Amma ka tambayi kanka, mutanen da ke zuwa shafukan nan goma daga ina suke zuwa? Daga binciken Google. Kuɗin daga ina? Daga asusun AdSense ɗaya, don mutum ɗaya asusu ɗaya aka yarda ya mallaka. Guga goma ne a rijiya ɗaya, in ruwa ya ja baya duka za su fito a bushe. In aka rufe asusun saboda dannawar bogi, ko kai ka danna tallarka ko ka sa abokai su riƙa danna maka wai suna taimako, duka goman ne suka mutu rana ɗaya. Kuma da yake hannu ɗaya ya gina su da salo ɗaya, duk canjin da ya ga aibin ɗaya zai ga na sauran.

Tarihin ma ya nuna haka. A Fabrairun 2011 Google ta saki Panda, wani sauyi a tsarin bincikenta, ta murƙushe shafukan da ke cike da rubutu marar nauyi. A Afrilun 2012 Penguin ta bi masu sayen linki. A Satumban shekarar aka rage ƙarfin domen da aka raɗa masa sunan ainihin kalmar da mutane ke bincika, wanda a lokacin shine sirrin ƙananan shafuka, ka sayi domen mai sunan tambayar ka zuba rubutu biyar ka hau sama. Wancan zamanin ne ainihin zamanin dabarar shafuka goma, kuma yawancin shawarar da ke yawo har yau gadonsa ce. Sai Agustan 2022 aka kawo tsarin auna ko rubutu don amfanin mutane aka yi shi ko don injin bincike, sabuntawarsa ta Satumban 2023 kuwa ta yi wa shafukan maudu'i ɗaya mummunan kamu, a Maris 2024 aka ƙara da dokoki a kan tara rubutu barkatai don neman matsayi da kuma sayen tsohon domen da wa'adinsa ya ƙare don a hau kan sunansa. A Mayun 2024 kuma aka fara nuna amsar AI a saman sakamakon bincike a Amurka, daga baya ta bazu ƙasashe da yawa. Wannan na ƙarshen ƙaramin shafi ya fi shafa, don abincinsa shine gajeriyar tambaya mai gajeriyar amsa, irin awa nawa batiri ke ɗauka kafin ya cika, to in mutum ya ga amsar a sama me zai shigo yi?

Kar in yi maka ƙarya dai, na Satumban 2023 bai bar manyan ba. Akwai masu shafi ɗaya da suka yi shekaru suna ginawa suka wayi gari yawancin tirafik ɗinsu ya tafi, kuma wanda shafi ɗaya gare shi in hakan ta same shi faɗuwarsa ta fi zafi, babu wani gefe da zai dafa. Don haka girma kaɗai ba kariya bace. Abin da ke kare mutum shine samun masu zuwa da ƙafarsu ba sai Google ya rako su ba, masu karɓar wasiƙarka ta imel, masu binka a YouTube ko Pinterest ko Facebook, masu rubuta sunan shafinka kai tsaye. Kuma wannan a shafi ɗaya kaɗai yake yiwuwa ga mutum ɗaya, wa zai iya riƙe jerin imel goma da tasha goma? Rarraba haɗarin gaskiya shine hanyoyi da yawa su shigo gida ɗaya, kuɗi ma ya fito ta fiye da ƙofa ɗaya, talla da kamashon kayan da aka saya ta linkinka da ɗan littafin da ka rubuta ka sayar. Kamashon ma kar ka jingina da shi kaɗai, a Afrilun 2020 Amazon ta rage nata, wasu rukunonin kaya kamar kayan ɗaki suka sauko daga kashi 8 zuwa 3 cikin ɗari.

Akwai kuma abin da lissafi baya nunawa, wato me ka sani da gaske. Ba wanda ya san abu goma sanin da zai koyar. A shafukana shida, biyar karatu nake yi a wasu wurare in juya kalmomi in rubuta, na shidan ne kawai, na keken ɗinki, nake da keken a gabana. Rubutun da ya fi kowanne daɗewa yana kawo mutane a kan zaren da ke cukurkuɗewa a ƙarƙashin yadi ne. Kowa yana zaton kwarkwaro ne ya lalace tunda a ƙasa cukurkuɗin yake, alhali sau da yawa zaren sama ne aka zura lokacin da ƙarfen da ke danne yadi yake ƙasa, sai zaren bai shiga tsakanin faifan da ke matse shi ba, ya tafi sakaka. Na zura shi ba daidai ba da gangan, na ɗinka, na juya yadin na ɗauki hoton dunƙulen zaren da wayata, na sake zurawa daidai na ɗauki na biyu. Hotuna biyu ne ba wasu masu kyau ba, har inuwar hannuna ta fito a ɗaya, amma ƙarƙashin rubutun nan mutane suka riƙa dawowa suna cewa ya yi, wasu su kawo wata sabuwar matsalar, daga tambayoyinsu na samu rubutu na gaba da na gabansa ba tare da na buɗe wata manhajar binciken kalmomin da mutane ke nema ba. Sauran biyar ɗin ba wanda ya taɓa tambayata komai, don ba abin da zan faɗa da ba a faɗa ba. Google ma a Disamban 2022 ta ƙara gogewa ta kai tsaye a cikin abubuwan da masu tantance ingancin sakamakonta ke dubawa.

Nasan zaka ce ai yanzu AI zai rubuta min 250 ɗin a sati ɗaya. Zai rubuta, kai da wasu dubbai, a kan tambayoyi iri ɗaya da amsa iri ɗaya, kuma dokar Maris 2024 ɗin can bata damu da mutum ne ya rubuta ko na'ura ba, tarin rubutu marar amfani take bi. Ka yi amfani da shi wajen tsara tunani da gyaran jimla, hoton dunƙulen zare dai ba zai ɗauka maka ba.

To ina ƙananan suke da amfani? Suna da shi, ban ce a zubar ba. Na farko gwaji: in kana tsakanin maudu'i biyu baka san wanda zai kama ba, ka buɗe biyu ko uku, rubutu goma sha biyar kowanne, ka basu wata shida zuwa tara don sabon domen baya saurin motsi, sannan ka duba Search Console ka ga wanne ake nunawa a bincike, ka rungume shi ka saki sauran. Sakin ne ke da wuya, nan na makara, na riƙa sabunta domen ɗin da basa komai saboda tausayin wahalar da na sha a kansu. Na biyu ƙaramin shafin da kayan aiki ne ba rubutu ba, kamar wanda zaka saka yawan kayan wutarka ya lissafa maka girman batirin da kake buƙata, irin wannan feji uku ma ya isa, mutane na dawowa, kuma baya neman sabon rubutu duk sati. Na uku wanda ya riga ya ƙware, yana da masu rubuta masa da mai kula da fasaha, shi wannan kamfani yake gudanarwa, ba shi nake wa magana ba. Ana kuma gina ƙanana don sayarwa a kasuwanni irin Flippa da Empire Flippers, inda ake sa farashi ta hanyar ninka ribar wata-wata, sai dai mai saye zai fara duba daga ina tirafik ke zuwa, in duka daga bincike ne kuma layin yana gangarowa, zai taya maka da arha ko ya wuce.

Abubuwa biyu sun fi yawan shafuka tasiri a kan RPM, ko wace hanya ka zaɓa. Ɗaya ƙasar masu karatu, don masu talla sun fi biya a kan mai karatu daga Amurka, Ingila, Kanada ko Ostareliya, manyan kamfanonin can ma suna son kaso mai yawa na tirafik ɗinka ya fito daga irin waɗannan ƙasashen. Harshe ma yana ciki, AdSense na da jerin harsunan da take karɓa, Turanci da Faransanci da Larabci na ciki, lokacin da na duba Hausa bata ciki, to ka duba jerin kafin ka sayi domen. Na biyu maudu'in kansa: inshora da bashi da lafiya suna da tsadar talla, shi yasa kowa ke rugawa can, amma nan ne Google ta fi tsanantawa tunda kuskure a ciki na iya cutar da lafiya ko dukiyar mutum, afdet ɗin Agustan 2018 ma shafukan lafiya ya fi girgizawa, sabon shiga marar takarda kallon kitse yake wa rogo a wurin. Sannan kar Janairu ta tsorata ka, kuɗin talla na hawa daga Oktoba zuwa Disamba ya faɗo a farkon shekara, kowa haka yake gani.

Abin da na faɗa wa ƙanin nawa shine tunda shi kaɗai ne, kuma awa biyu yake da ita da yamma bayan aiki, ya ɗauki takarda ya rubuta tambayoyi 50 da zai iya amsawa daga kansa a kan abu ɗaya ba tare da ya bincika ba. In sun cika hamsin ya samu shafinsa, ya sayi domen ɗaya mai sunan da zai iya faɗaɗa a ƙarƙashinsa, ba sunan tambaya ɗaya ba, ya saka akwatin karɓar imel tun ranar farko ko da mutum uku ne za su shiga, kar ya nemi AdSense sai ya tara rubutu masu nauyi kamar ashirin zuwa talatin. In kuma ya tsaya a goma sha biyu a abu biyu daban-daban, to ya yi gwajin ƙanana biyu ɗin, ya rubuta ranar yanke hukunci a kalanda tun yanzu. Jiya ya turo min hoton takardarsa, yana kan ta 31 a kan gyaran fanka da injin wanki, wai sauran sai ya tuna.